Lasisin tuki ga marasa takarda a jihar New York: yadda aka yi aka samo dokar Green Light

Akwai wani dan uwa mutumin Tawa ta Nijar da muke sallah masallaci daya anan Bronx, a lokacin da nake baku labarin nan ya haura shekara goma a kasar, bizarsa ta dade da karewa. Aikinsa a wani gidan ajiyar kaya ne can bayan gari inda jirgin kasa baya zuwa, karfe hudu na asuba yake fita da wata tsohuwar mota wadda sunan wani ne a takardunta, inshorar ma sunan wannan mutumin ne, kuma duk karshen wata sai ya bashi wani abu na aron suna banda kudin inshorar kanta. Wata rana bayan isha'i muna tsaye bakin kofa yace min, Malam ni fa ba aikin ke gajiyar dani ba, madubi ne, daga nan har in isa ido daya na kan titi daya na kan madubi, da na hango mota mai fitila a kai sai inji bakina ya bushe ina ta hasbunallahu har ta wuce. Shekara da shekaru haka yake tafiya. Bai taba buge kowa ba, bai taba ketare jar wuta ba, abinda yake tsoro kawai ace fitilarsa ta baya ta mutu bai sani ba.

Saboda shi da ire-irensa nake son in zauna in warware yadda aka yi dokar da ake kira Green Light, wadda ta ba marasa takardar zama damar samun lasisin tuki, ta samu shiga a jihar New York a 2019, don naga har yanzu da yawa cikinmu sun karbi lasisin amma basu san daga ina ya fado ba, wasu ma dauka suke gwamna ne ya tashi da safe ya ji tausayi.

Abu na farko da yake rikita mu shine tsarin kasar. Mu da muka taso Najeriya lasisin tuki mun sanshi da tambarin hukumar kiyaye hadurra ta tarayya, dan Nijar kuma komai daga Yamai yake saukowa, shi yasa in aka ce maganar baki sai hankalinmu ya tafi Washington, wa zai ci shugaban kasa, yaushe za'a yi afuwa. Gaskiya ne biza da girin kad da korar mutum daga kasa duk a hannun tarayya suke, babu gwamnan da zai baka takardar zama. Amma wa za'a ba lasisi, wane dalibi ne jiha zata taimaka masa da kudin makaranta, wane bayani ofishin jiha zai mika ma jami'an shige da fice, da wane yare za'a yi maka magana a ofis, duk wadannan a Albany ake yanke su, babban birnin jihar, tafiyar kamar awa uku a bas daga nan. Can akwai majalisa biyu, ta wakilai mai mutum 150 da ta dattawa mai mutum 63, suna zama daga Janairu zuwa Yuni. Afuwa ta karshe mai girma da tarayya ta yi tun 1986 ce zamanin Reagan, wanda ya zauna jiran ta biyu ya ga tsufa, alhali rayuwarsa ta yau da kullum tana hannun mutanen da ofishin wasunsu bai fi tafiyar kafa daga gidansa ba.

Da can ba haka abin yake ba. Kafin 2001 mutum na iya samun lasisi a jihar nan ba tare da an tsare shi da maganar takardar zama ba, sai bayan harin 11 ga Satumba gwamnatin George Pataki ta tsaurara, aka ce sai ka kawo lambar soshal, wato lambar Social Security da gwamnatin tarayya ke bayarwa, ko shaidar da marar takarda bashi da hanyar samu. Mutanen da suka shekara suna tuki lafiya lau suka wayi gari lasisinsu in ya kare ya kare kenan. A 2007 gwamna Eliot Spitzer yayi yunkurin dawo da abin, a watan Satumba ya sanar, kuma da ikon ofishinsa yaso yayi ba ta majalisa ba. Wallahi kamar an watsa fetur a wuta, gidajen talabijin suka dauka, akawun gundumomi suka ce basu yi, ita kanta Hillary Clinton da aka tambayeta a muhawarar 'yan takarar shugaban kasa karshen Oktoba ta kasa tsayawa kan amsa daya kuma abin ya bita. Kathy Hochul wadda daga baya ta zama gwamnar jihar, a lokacin itace akawun gundumar Erie can wajen Buffalo, cewa tayi duk marar takardar da yazo ofishinta neman lasisi zata sa a kama shi. Watan Nuwamba bai kare ba Spitzer ya janye. Daga nan 'yan siyasar jihar suka dauki maganar lasisi kamar garwashi, shekara goma sha biyu babu mai son rike ta da hannu.

Ni a ganina kuskuren 2007 ba wai manufar bace, gwamna ne ya fito shi kadai babu jama'a a bayansa, babu wanda ya shirya amsa, babu manomin da zai tsaya yace ma'aikatana ne, babu sanatan da aka riga aka zauna dashi. Da iska ta kada babu abinda ya rike shi.

Mu mazauna cikin birni bamu cika jin zafin rashin lasisi ba shi yasa ma muka yi sanyi, jirgin karkashin kasa na nan dare da rana, kuma tun 2015 birnin ya fito da katin shaida na IDNYC wanda kowa ke iya samu. Amma jihar New York ba birnin bane kawai. Ka fita ka nufi arewa gonaki ne, shanun madara da gonakin tuffa, yawancin masu tatsar shanun nan 'yan Mekziko da Gwatamala ne, suna zaune cikin gonar, kanti mafi kusa sai ka yi tafiyar mil da yawa, babu bas babu tasi, in yaro ya kwana da zazzabi sai dai ka biya wani makudan kudi ya kaika asibiti ko ka dauki kasada. Kuma yankin kusa yake da iyakar Kanada, jami'an tsaron iyaka na yawo, dan sandan kauye in ya tare ka baka da lasisi baka jin turanci abu ne mai sauki ya kira su. Ko a inda ba'a kira su ba, wanda bashi da katin shaida ba tikiti ake bashi ya tafi ba, ofis ake wucewa dashi, a dauki zanen yatsunsa, zanen ya shiga kwamfutar tarayya, daga nan ICE, jami'an tarayya masu kama baki su kore su daga kasa, sun san inda yake. Fitila daya da ta mutu sai ta raba uba da 'ya'yansa. Wadannan mutanen na kauye su suka fi kowa matsawa a sake tada maganar, ba 'yan birni ba.

Aka hada gamayya da sunan Green Light NY, a ciki akwai New York Immigration Coalition, akwai Make the Road New York, akwai kananan kungiyoyin ma'aikatan gona da na yankin Hudson Valley da Long Island, da coci-coci da kungiyoyin kwadago. Sun dade suna kai kudirin yana mutuwa a kwamiti, kuma dalilin a fili yake, majalisar dattawa tana hannun 'yan Republican, da taimakon wasu 'yan Democrat da suka balle suka kafa rukuninsu mai suna IDC suna hada kai dasu. To anan ne aka yi aikin da mutane basa kirgawa cikin labarin lasisi alhali shine ginshikin. A zaben fidda gwani na Satumba 2018 mutum shida cikin takwas na wannan rukunin suka sha kasa, har da jagoransu Jeff Klein wanda mazabarsa ta hada da wani bangare na Bronx dinnan, Alessandra Biaggi ce ta kada shi. A Nuwamba 'yan Democrat suka karbe majalisar da rinjaye mai kauri, Andrea Stewart-Cousins ta zama shugabar masu rinjaye. Ba'a rufe watan Janairun 2019 ba aka wuce da dokar Dream wadda ta bude ma dalibai marasa takarda tallafin karatu na jiha.

Kowa ya dauka lasisi ne zai biyo baya nan take. Bai biyo ba. Aka gama kasafin kudi farkon Afrilu babu shi a ciki. Kuri'ar jin ra'ayi da kwalejin Siena tayi a watan Maris ta nuna kashi 61 na masu zabe basa so, kashi 34 ne kawai ke so, kuma sabbin sanatocin da suka ciwo kujerun bayan gari da kyar suna kallon wannan lissafin suna tuna Spitzer. Jam'iyyarka taci zabe ba shine kudirinka ya wuce ba, wannan na ganshi da idona.

Masu daukar nauyin kudirin duk 'yan Bronx ne, sanata Luis Sepúlveda da dan majalisa Marcos Crespo, shugaban majalisar wakilai ma Carl Heastie dan Bronx ne. Sai gamayyar ta canza salon magana, kuma anan nake ganin wayonsu. Basu daina maganar tausayi da mutunci ba, amma sun gane sanatan da yake tsoron mazabarsa ba tausayi ya rasa ba, abinda zai fada ma mutanensa yake nema. Sai suka bashi. Na daya lafiyar titi: mutanen nan suna tuki ko an basu ko ba'a basu ba, kana so wanda ke bayanka a titi ya kasance an gwada idonsa yaci jarabawa yana da inshora, ko kuwa? Aka kawo binciken da masana na jami'ar Stanford suka yi akan California, inda irin wannan doka ta fara aiki a 2015, suka gano buge-ka-gudu ya ragu da kashi 7 zuwa 10, don wanda yake da lasisi bashi da dalilin tserewa. Na biyu kudi: cibiyar Fiscal Policy Institute tayi kiyasin mutum 265,000 zasu karbi lasisi cikin shekara uku, jiha da gundumomi su samu kamar dala miliyan 57 duk shekara daga rajista da haraji, banda miliyan 26 na shigar farko. Na uku suka jawo masu gonaki da 'yan kasuwa, har babbar kungiyar 'yan kasuwar jihar, Business Council, ta fito ta goyi baya, wadda ba wanda zai ce mata 'yar gwagwarmaya. Kuma suka rika tunatar da kowa cewa jihohi goma sha biyu da birnin Washington sun riga sun yi, har da Utah wadda ba ta 'yan Democrat bace, kasa bata tsage ba.

Sau daya na bi su Albany, cikin azumi ne, don a shekarar azumi ya kama farkon Mayu. Wani abokin aikina dan Ekwado ne ya matsa min. Bas ta tashi da duku-duku, mata da goyo, tsofaffi, samari da suka ajiye aikin yini guda wanda ba za'a biya su ba. Da muka isa aka raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni da takardar sunayen 'yan majalisar da zai gani, aka ce kowa labarinsa minti biyu ne kada ya wuce, kuma kada a fito daga ofis sai an tambaya kai tsaye, zai jefa kuri'ar eh ko a'a. Yawanci ba sanatan kake gani ba, wani yaro ne ma'aikacinsa da littafi a hannu, da farko raina ya baci nace mun yi tafiyar awa uku da azumi a baki don muga yaro, sai jagorarmu tace wannan yaron shi ke rubuta ma maigidansa mutum nawa suka zo daga mazabarsa da abinda suka ce. Wata mata a rukuninmu ta bada labarin ranar da nakuda ta kamata cikin dare a gona, mijin yana da mota a kofar gida amma suka tsaya jiran wani mai lasisi yazo. Bata yi kuka ba, ta fada ne kawai ta zauna. Yaron ya daina rubutu yana kallonta.

Kamun kafa ne irin wanda muka sani a gida, bambancin kawai ba ambulan kake kaiwa ba, yawan mutane kake kaiwa da lambar mazaba. Abinda ya tsaya min a rai har yau, a bas dinmu mu biyu ne bakaken Afirka, ni da wani dan Gambiya. Da na dawo na fada a masallaci, wani dattijo da nake girmamawa yace, dana, bako baya shiga rigimar masu gari, ka ci arzikinka kayi shiru. Na fahimce shi, mutanen da suka ga abinda 'yan sanda suka yi ma Amadou Diallo a 1999, suka harba masa harsashi 41 a kofar gidansa anan Bronx, ba za ka zarge su da tsoron fitowa ba. Amma nace masa Baba, wadancan da suka cika bas din suma baki ne, kuma yawancinsu sun fi mu abin tsoro don mu da yawa muna da takarda har da masu katin zabe. Shiru yayi, nima ban kara ba.

Sai kuma bangaren da nafi jinjina ma wadanda suka rubuta kudirin, wato sirrin bayanai. Cikakken sunan dokar ma Driver's License Access and Privacy Act ne, lasisi da sirri a hade. Sun ga abinda ya faru a wasu wurare, a jihar Washington an bankado a farkon 2018 cewa ofishin lasisi yana mika ma ICE bayanan mutane a kai a kai, a Vermont ma an samu irin haka. Kenan kace ma mutum zo ka kawo hotonka da adireshinka sannan ka mika shi da hannunka. Tun ran gini ran zane, sai suka sa a cikin dokar cewa DMV, hukumar lasisin tuki ta jiha, bazata ba hukumomin shige da fice bayanin kowa ba sai da umarnin alkali, in kuma an nemi bayaninka dole a sanar da kai cikin kwana uku, kuma ma'aikaci bazai tambayeka matsayinka na zama ba. Suka kuma ki yarda a yi kati na daban. Lasisin da marar takarda zai karba shine dai na gama-gari da dan kasa ma yake iya zaba, mai rubutun cewa ba na harkokin tarayya bane, don haka dan sanda in ya karba bazai gane komai daga katin ba. Amfanin wannan ya fito daga baya, a 2023 da Florida tayi dokar kin amincewa da lasisin da wasu jihohi suka ware ma marasa takarda kadai, irin na Connecticut da Delaware ne suka fada ciki.

Makonnin karshe sun yi zafi. Aka ji shugaban jam'iyyar Democrat na jihar, Jay Jacobs, yana gargadin sanatocin bayan gari cewa kuri'ar nan zata iya cinye musu kujera. Gamayyar kuma ta koma mazabunsu, kwankwasa kofa, kiran waya, cika ofisoshinsu. A watan Yuni Siena ta sake aunawa, masu kin sun sauko kashi 53, masu so sun hau 41, har yanzu ba rinjaye bane amma kowa yaga inda ruwan ke gangarawa. Majalisar wakilai ta wuce dashi ranar 12 ga Yuni. Ranar 17 ga Yuni, ana saura kwanaki a rufe zama, dattawa suka jefa kuri'a, 33 da 29, alhali 32 ake bukata. 'Yan Democrat bakwai suka ki, ciki har da dukkan shidan Long Island. Gwamna Andrew Cuomo wanda ya dade yana cewa zai sa hannu, a ranar sai ya taso da shakku wai kada tarayya ta kwace bayanan, yace sai lauyoyin jiha sun duba, antoni janar Letitia James ta fito tace dokar daidai take kuma zata kare ta a kotu, a daren ya sa hannu. New York ta zama jiha ta goma sha uku. A Disamba New Jersey ta biyo.

Ranar Litinin 16 ga Disamba 2019 aka fara karbar mutane, layi ya zagaye ofisoshin DMV cikin sanyin nan mai yanka kunne, wasu tun dare suke tsaye. To anan ne na gane wucewar doka daban, shigarta gidan mutum daban. Dokar tace ka kawo fasfo na kasarka mai rai, ko katin karamin ofishin jakadanci, ko lasisin kasarka wanda bai wuce wata 24 da mutuwa ba, ka sa hannu a takardar rantsuwa cewa ba'a taba baka lambar soshal ba, ka kawo shaidar kana zaune a jihar. A takarda abu mai sauki. Shi dan uwan nan namu fasfonsa ya mutu shekaru, sai da aka yi watanni ana bin sabo. Da yazo kuma sai ga matsalar da duk Bahaushe ya sani, a fasfo sunansa da rubutun faransanci, a takardar banki da rubutun turanci, harafi biyu sun bambanta, ma'aikaciya tace mutum biyu ne. Takardar haihuwarsa kuma sai an kai an fassara da hatimi. Shaidar gida ma aiki ce, su hudu ne a daki, babu sunansa a takardar haya babu a ta wuta, da wasikar banki aka samu aka wuce. Ana cikin haka korona ta shigo a Maris 2020 aka rufe ofisoshin gaba daya, ana kukan targade sai ga karaya.

Jarabawar rubutu tambaya 20 ce, sai ka ci 14. Ana yinta da yaruka da dama har da faransanci da larabci, babu Hausa, shi kuma allo yayi ba boko ba, faransancinsa na kasuwa ne. Tsakanin magariba da isha'i muke zama a kusurwar masallaci ina karanta masa littafin ina juyawa da Hausa, shi kuma yana gyara min, don titi ya fini saninsa nesa ba kusa ba, sunayen abubuwan ne kawai bai sani ba. Sau biyu ya zauna kafin yaci. Bayan nan darasin awa biyar na dole, sannan gwajin titi wanda a tashin farko ya wuce. Abu daya da na ja masa kunne akai kuma nake ja ma kowa, a takardar neman lasisin akwai wurin rajistar zabe, in kai ba dan kasa bane kada hannunka ya kusanci wurin, laifi ne babba kuma yana iya rufe maka kofar takarda har abada.

Masu adawa basu kwanta ba. A gundumomi 51 cikin 62 na jihar akawun gunduma ne ke tafiyar da ofishin lasisi, kuma zababbu ne. Michael Kearns na Erie da Frank Merola na Rensselaer suka garzaya kotun tarayya, duka biyun aka yi watsi da kararsu kafin shekarar ta kare. Hujjarsu cewa ana saka ma wanda ya karya doka, da cewa za'a bude kofar magudin zabe, da cewa an toshe ma jami'an tsaro bayanai. Ta farkon ina jin ta, akwai 'yan uwanmu ma da suka sha wahala suka bi layi suka samu takarda suna fadin haka, amsata kawai itace lasisi ba lada bane, shaida ce cewa ka iya tuki kuma an san inda za'a same ka. A Fabrairun 2020 gwamnatin Trump ta rama ta wata hanya, ta hana duk mazauna New York shiga Global Entry, tsarin nan da ke saukake wucewa a filin jirgi, wato a matsa ma masu hali su juya ma dokar baya. Jihar ta dan sassauta a Afrilu ta yarda a bada bayanin wadanda suka nemi wannan tsarin da kansu, a Yuli aka dage takunkumin, har lauyoyin tarayya suka amsa a gaban kotu cewa wasu bayanan da aka kafa hujja dasu ba gaskiya bane, don akwai wasu jihohin da suma suke takaita bayanai ba'a taba su ba.

Kada kuma wani ya dauka lasisin nan ya wuce matsayinsa. Ba takardar zama bane, ba izinin aiki bane, baya baka damar jan babbar mota, kuma tasi ta cikin birni tana da nata lasisin na daban wanda ke neman lambar soshal, wannan ya kashe ma samarinmu da yawa gwiwa don su abinda suka hango kenan. Tun Mayun 2025 ma ba'a hawa jirgin sama dashi. Abinda yake yi kadan ne, ka sayi mota da sunanka, ka yi inshora da sunanka, in an tare ka a baka tikiti ka tafi gida.

Abinda ya biyo baya shine ya kara tabbatar min cewa ba lasisi kadai aka samu a 2019 ba, an samu mutanen da suka san hanyar Albany. Yawancin kungiyoyin nan su suka dawo a 2021 suka yi yajin cin abinci na kwana 23 har jihar ta ware dala biliyan 2.1 ma ma'aikatan da tallafin korona ya tsallake, mutum na iya samun har dala 15,600, kuma 'yan uwanmu masu kitso da masu kai abinci da dama sun karba. A 2022 aka yi dokar da ta wajabta ma ofisoshin jiha fassara muhimman takardu zuwa yaruka 12, akwai faransanci akwai larabci akwai Bengali da Urdu, babu Hausa babu Fulatanci babu Twi babu Wolof. Daga alkaluman kidaya ake zabo yarukan, mu kuwa in takardar tazo ana tambayar yaren da ake yi a gida ko mu jefar ko mu rubuta turanci don kada a raina mu. Akwai kungiyoyi irin African Communities Together da suke ta fama akan maganar yarukan Afirka, amma in suka waiwaya su ga su waye a bayansu, mu Hausawa bamu da yawa a wurin, ga mu kuwa cike da masallatai daga Bronx har Harlem, 'yan zangon Kumasi da Accra, 'yan Nijar, 'yan Najeriya. Kura da shan bugu gardi da karbar kudi, wannan karin maganar ita ke zuwa min duk sanda naga wani namu yana daga lasisinsa a hoto.

A Fabrairun 2025 ma'aikatar shari'a ta tarayya karkashin Pam Bondi ta maka jihar a kotu akan wannan doka, kuma cikin wadanda aka yi kara har da gwamna Hochul, matar nan da tace a 2007 zata sa a kama masu nema, a wannan karon ita ke kare dokar. A satin wayata bata huta ba, kowa tambayarsa daya, sunayenmu da adireshinmu suna hannunsu, za'a mika? Shi ma dan Tawa ya tare ni bayan sallar asuba da makullin mota a hannu, motar da yanzu sunansa ne a jikin takardunta, yace Malam ko dai kuskure muka yi da muka kai kanmu. Nace masa ni bazan maka alkawarin abinda ba a hannuna yake ba, abinda na sani dokar jiha ta hana su mikawa sai da umarnin alkali, kuma wadanda suka sa wannan layin a ciki suna nan suna shirin komawa Albany akan wani kudirin, New York for All, wanda zai hana 'yan sanda da ofisoshin jihar yi ma ICE aiki. Nace akwai bas, ana rubuta suna. Yace ranar aiki ce? Nace Talata ce. Ya dan yi shiru yana juya makullin, sannan yace in rubuta shi, zai nemi wani ya rike masa aikin safe.